Hoton Tauraron Ɗan'adam da Wurin Ɗora Amya a Ƙasar Dakoro

 

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce ta ƙudan zuma, wannan halitta da Allah Ya girmama har aka kira sura ta 16 ta Alƙur'ani da sunanta, da kuma yadda za a san dajin da ya cancanci a ɗora masa amya. Kowa ya sani kiwon zuma ya fi ƙarfi a kudu, wajen Gaya da Madarumfa, inda ruwa ya wadata. Amma a ƙasa irin tamu, wadda damina ba ta wuce wata uku, rani kuwa ya yi ta ja har bazara, abin da ke kashe wa mai amya gwiwa shi ne ƙudan ya shiga da kaka, ya fara saƙa, sa'an nan da fure ya yanke, tafki ya ƙafe, sai ya yi ƙaura ya bar masa kango.

Sharuɗɗan zamansa ba ɓoyayyu ba ne. Yana bukatar fure mai bin juna, da ruwa kusa, da aminci daga wuta da guba, kuma duk a cikin tazarar da yakan yi kiwo, wadda galibi ba ta shige kilomita 2 zuwa 3 daga amya ba. To, wanda zai auna wannan da ƙafa tun daga Gulbin Kaba, ta Kornaka da Birnin Lalle, har ya haye kwarin Tarka ya kai Gadabeji, wadda aka keɓe a matsayin gandun daji tun 1955 kuma faɗinta ya kai hekta 76,000, lalle shekaru za su ƙare masa bai gama ba.

A nan ne hoton sama yake da fa'ida. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka suke ɗaukar surar ƙasa, a 2015 kuma Turai ta harba Sentinel-2, wanda yanzu yake komowa kan wuri guda kowane kwana 5, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10, kuma hotunan duka biyun kyauta ne. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai ta daɗe tana aiki da irinsu wajen ƙiyasta ciyawar dabbobi. Da irin waɗannan hotuna ne mai bincike Gray Tappan da abokan aikinsa suka tabbatar cewa sassabin zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana renonsu, ya mayar da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5, akasarinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Hikimar kuwa, a ganina, tana ga zaɓen lokaci. Hoton watan Satumba ba ya gaya mana kome, domin a sa'an nan ko tudun rairayi kore ne. Hoton watan Maris shi ne shaida adali, saboda ciyawa ta bushe, gero ya shiga rumbu, duk abin da ya saura da ɗanyen ganye itace ne mai saiwa a ƙasa, musamman gawo, wanda Allah Ya saɓa masa ɗabi'a da sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina, ya tofo ya yi fure bayan ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da ƙudan ke neman abinci. Idan aka jera hotunan shekaru da yawa, za a ga tafkin da ke kai wa Fabrairu da wanda ke ƙafewa tun Nuwamba, a ga kuma baƙin tabon gobarar daji, wadda ta addabi arewacinmu da wajen Bermo, a san inda take maimaituwa.

Sai dai fa na'urar, koren ganye take gani, ba ta san sunan itace ba. A wurinta magarya da aduwa da bagaruwa da tumfafiya kusan abu guda ne, alhali magarya da ƙarshen damina take fure, aduwa kuwa cikin rani. Ba ta ganin maganin ƙwarin da aka fesa wa wake, ko na fara. Ba ta kuma san mai itacen ba, wanda shi ne babban al'amari a ƙasar da dokar 1961 ta shata iyakar noma, kudu gonaki, arewa makiyaya, ga burtali ya ratsa tsakani. Wanda ya rataye amya a bakin mashayar shanu ba da izni ba, rigima ya rataye.

Saboda haka shawarata ita ce, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi su fitar da taswirar wuraren da itace da ruwa suka haɗu, a buga ta babba a takarda, a kai ta gaban Fulani da Buzaye da tsofaffin masu amya, su faɗi itacen da ke kowane wuri da watan furensa, hukumar filaye kuma ta faɗi mai haƙƙi. Wurin da ya tsallake waɗannan, a ɗora masa amya kaɗan tukuna, a jira bazara ta wuce, a je a duba ko ƙudan yana nan.