Kwalliyar Sallah Daga Hannun Yaranmu

Jawabin da ɓangaren mata da tarbiyyar yara ya gabatar a taron ƙungiya, Agwada



Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa baki ɗaya. An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan zama da ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa shida, a haɗa kayan ƙawata gida na Sallah da hannu. Mun san wani zai ce a ransa, ana maganar taki da kuɗin makaranta, su kuma sun zo mana da wasan yara. A dai yi haƙuri a ji mu.

Yawancinmu, ko mu ko iyayenmu, daga Kano, Katsina, Zazzau ko Sakkwato muka taso, fatauci da noma suka kawo mu ƙasar Keffi. Ba yau aka fara ba, don shi kansa Abdu Zanga da ya kafa Keffi wajen 1800 daga ƙasar Katsina ya fito. To amma yaranmu a nan aka yanke musu cibiya. In kun koma gida ku gwada, ku tambayi ɗan shekara biyar mene ne totuwa, ko caki, ko karan dafi. Hausa tana bakinsa, amma ta saye da sayarwa ce da ta cikin waya. Ƙaramin yaro kuwa suna ba ya zama a kansa sai ya riƙe abin, ya sansana, ya kaɗa ya ji ƙararsa. Da can ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, a dandali muka tsinta wajen yayyenmu. Yanzu dandalin ya yi rauni, in Sallah ta zo sai bindigar roba da tabarau na roba, kwana biyu sun karye an shiga kuka.

Abin da muke nufi ba sabo ba ne, ko a duniya. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Mariya Montessori, ta buɗe gidan renon yara a birnin Rum. Cikin kayan koyarwar da aka san ta da su akwai 'yan gwangwanaye da ake zuba ƙwayoyi iri-iri yaro ya kaɗa ya bambanta sauti, da 'yan kwalabe na sansanawa. Yau ga sunanta nan a allunan makarantun kuɗi daga Keffi har Abuja, iyaye na biyan maƙudan kuɗi. Mu kuma kayan suna zube a bayan rumbu, awaki na tattakawa.

Mu fara da na ƙamshi, don shi yara suka fi so. A jiƙa kanumfari ya kwana cikin ruwa, da safe ya yi laushi yadda allura za ta shige shi. Babba ke riƙe allura, yaro ke miƙo ƙwaya yana ƙirgawa. Tsakanin kowane biyar a sa ɗan yankin ɓawon lemo da aka yanka kamar wata ko tauraro tun yana ɗanye. In sarƙar ta bushe a rataye ta bakin ƙofar ɗaki, duk baƙon da ya ɗaga labule ranar Sallah sai ya ji. Ana cikin yi sai a gaya wa yaro cewa wannan ɗan abu daga nesa yake zuwa, asalinsa tsibiran Indonesiya, ana kuma noma shi a Zanzibar, sunan ma daga Larabci muka aro shi. A rufe masa ido a kai masa citta, da kimba, da masoro hanci ɗaya bayan ɗaya ya faɗi suna. Zai yi atishawa, za a yi dariya, amma ya riƙe ke nan.

Na sauti ba shi da wuya. 'Yan ƙananan goruna uku, ɗaya a zuba gero, ɗaya masara, ɗaya tsakuwa, a toshe baki da itace a ɗaure tam. Nan ƙasar riɗi ce da agushi, saboda haka ɓawon agushi ma yana ba da tasa muryar. Cakin da aka yi a farkon azumi zai yi aikin tashe daga goma ga wata, in Sallah ta zo a shafa masa launi a rataye.

Sai karan dawa. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah cikin zafi take faɗowa, ta 2025 ma a ƙarshen Maris aka yi ta, wato lokacin da kara ya bushe sarai. Matsalar ita ce gobarar daji da dabbobi suna riga mu, don haka mai gona ya ware dami ɗaya tun da kaka. Ɓawon kara yana yanka hannu kamar reza, babba ne zai fere. Yaro a bar shi da totuwa, ga laushi ga rashin nauyi, yana soka tsinke yana haɗa tauraro ko ɗan masallaci. Yumɓu kuma a murza shi fale-fale kamar waina, yaro ya danna yatsa, ko ganye, ko haƙoran mataji, a huda sama don zare. A inuwa za a shanya, rana tana tsattsaga shi. Launi duk muna da shi: zoɓo ko karan dafi ja, gangamau rawaya, gawayi baƙi, farar ƙasa fari, a dama da ƙaro ko kunun rogo don ya kama. Wanda ke da shakka a kan siffar mai rai ya tsaya kan wata, da tauraro, da dagi, sun isa.

Iyaye mata, a nan za mu roƙe ku abu guda. In tauraron yaro ya fito a karkace, a bar masa abinsa a karkace. Muna da saurin cewa kawo nan ba ka iya ba. Yatsun da ke fama da zare yau su ne za su riƙe alƙalami da fensir gobe, kuma ba sa ƙwari in ana karɓe musu aiki. A rataye nasa inda baƙi za su gani, har maƙwabtanmu da ke shigowa cin tuwon Sallah, a ce wane ne ya yi. Su ma in Kirsimeti ta zo 'ya'yansu na iya zama tare da namu a yi musu nasu, kara bai san gidan kowa ba.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne. Idon zakara, ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi, tana da kyau a sarƙa amma dafi ce. Guda ɗaya in yaro ya tauna tana iya kashe shi, wadda aka huda don zare ta fi haɗari, kuma dafin ba shi da makari. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu, kada su shigo cikin kayan nan sam. Kada a fasa tsohon batir don neman baƙin launi, kada a kankare tsohon fenti. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400. Ɗan batir mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu walƙiya, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a tsaya ɗura manja, a nemi abin hawa a nufi asibiti, in da hali na tarayya da ke Keffi, a riƙe ragowar abin a nuna wa likita. Yaron da bai kai shekara uku ba, duk abin da bai kai ƙwan kaza girma ba kada a bar shi a hannunsa.

Shawararmu ita ce kowace unguwa ta zaɓi gida ɗaya mai inuwa, a riƙa zama da hantsi kafin azumi ya fara cin mutane, yara kada su wuce shida ga babba ɗaya. Rabin awa ya ishe su. Muna roƙon iyayenmu tsofaffi su zo, don su ke da sunayen da mu kanmu muka fara mantawa. Maza kuma ba a cire ku ba, kara da goruna da yumɓu a wuyanku suke. Kanumfari da zare ƙungiya za ta saya in ma'aji ya amince, ga shi nan zaune yana jin mu.