Randa da Madatsar Tiga: Hanyoyi Biyu na Sanyaya Ƙwayoyin Zarra



Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa. Ruwan da ya tsattsafo ta jikinta shi iska take kwashewa, ya tafi da zafi, sauran ya yi sanyi. Watau randa ba ta ba da sanyi sai ta karɓi la'ada, domin ruwan yakan ragu. A kan wannan la'ada laccar yau za ta tsaya.

Zafi ba kome ba ne illa kai da kawowar ƙwayoyin zarra. In motsinsu ya ragu sai sanyi ya ƙaru, har a doshi iyakar sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa yake daskarewa. Einstein, bisa aikin Bose na 1924, ya hango cewa dab da wannan iyaka ƙwayoyin za su haɗu su zama tamkar abu guda. Ba a tabbatar ba sai a 1995, a birnin Boulder na Amurka. Eric Cornell da Carl Wieman suka rage wa ƙwayoyin rubidiyam gudu da hasken leza, suka tsare su a tarkon maganaɗisu, sa'an nan suka yi dabarar randa, suka bar masu zafin suka tsere. Kimanin 2,000 ne suka dunƙule, mafi yawa kuwa sun salwanta.

Hanya ta biyu darasinta yana madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974. Mai kula da ƙofa yakan dubi ma'auni, ya buɗe ko ya rage, ya sake dubawa. Wannan shi ne auna-ka-gyara. Haka ake yi wa ƙwayoyin: a haska su kaɗan a ga inda suka nufa, nan take kwamfuta ta gusa tarkon ya tare su, motsinsu ya lafa ba tare da an zubar da su ba. Irin wannan dabara ce ta jawo wa Simon van der Meer lambar Nobel a 1984.

To, amma da sauran rina a kaba. Duban ma'auni ba ya girgiza ruwan Tiga, alhali hasken da ake duban zarra da shi bugunta yake yi. In ya yi yawa ya zafafa ta, in ya yi kaɗan a yi gyara bisa kuskure. Gano tsaka-tsakin nan shi ne abin da masana suke fama da shi.

Amfanin wannan wahala a fili yake. Da ƙwayoyi masu sanyi ake ƙera na'urar auna ƙarfin jan ƙasa, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon ingancin awon. Irin wannan awo yana taimakawa wajen neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da ma'adinai, kamar kuzar Riruwai ta Doguwa. Saboda haka ɗalibin da ya riƙe lissafi da kyau yana da abin yi a nan gida.