Idan Ragar Jijiya Ta Bar Mazauninta

Masu sauraronmu na Dutsin-Ma da Kurfi, akwai 'yar ragar ƙarfe da likitoci ke zurawa a jijiyar jini idan ta tsuke, kamar ta ƙugu ko ta ƙirjin masu wankin ƙoda. Aiki ne mai amfani. Amma jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ƙara faɗi suke yi suna tafiya, don haka ragar da ta yi gajarta ko ta yi kaɗan tana iya suɓucewa, jini ya ja ta har cikin zuciya ko jijiyar huhu. Ba kasafai ba ne, amma a 2021 kamfanin Boston Scientific ya janye samfurinsa na Vici saboda haka.

Wanda ke damuna shi ne majinyacin da aka yi wa aikin a Masar ko Indiya, ya dawo gida babu mai bibiyarsa. Idan ciwon ƙirji, haki ko faɗuwar gaba suka taso, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti a Katsina da takardar aikin, a ɗauki hoton ƙirji. Idan an ga ragar ta suɓuce, wata ta jijiya ake zaro ta, wata sai an buɗe ƙirji.