Jawabi A Kan Bindigar Lantarki Da Iyakar Ƙarfin Mai Kama Mutum

Ya ku 'yan'uwa, dattawa da samari, waɗanda suka taso daga aikin rana da waɗanda za su tashi daga nan su kama aikin dare a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Ku sani dalilin wannan jawabi wani gardi ne daga cikin almajiraina, wanda ya sauke a hannuna, sa'an nan ya sami aikin lebura a wani kamfani. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuwa zan ambaci kamfanin ba. Wata rana kaya suka ɓace, aka tsare shi a ɗakin masu tsaron ƙofa, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka riƙa dangwala masa wani abu mai kama da tocila a haƙarƙari ana cewa ya faɗi inda ya kai su. Da aka sake shi ya zo wurina da mahaifinsa, ya ɗaga riga, ban ga kome ba sai ɗigo biyu biyu ja, tamkar cizon sauro. Mahaifin ya ce, "Malam, mu gode Allah, tun da dai ba su doke shi ba." Yaron kuwa ya sunkuyar da kai ya ce da ma dorina suka sa masa. Wannan magana ta uban ita ce ta hana ni barci, domin in mutum mai hankali kamarsa yana ganin abin da bai bar tabo ba ba duka ba ne, to mas'alar ta isa a zauna a warware ta.

Ni ban yi karatun boko ba, saboda haka na tafi wurin masu gyaran wuta na tambaye su, na kuma sa aka karanta mini abin da aka rubuta. Abin iri biyu ne. Akwai wanda sai an manna shi a jikin mutum, shi ne mai kama da tocila, aikinsa zafi ne kurum. Akwai kuma wanda 'yan sandan Amurka da Ingila ke ratayawa, ana kiransa Taser, wani Ba'amurke mai suna Jak Koba ya ƙago shi, aka yi masa rajista a 1974. Shi wannan yana harba ƙananan kibau biyu masu ƙugiya, kowace da siririyar waya a bayanta, in suka kama jiki wuta ta bi tsakaninsu, naman jiki ya ƙage, mutum ya faɗi kamar icen da aka sare, ba shi da ikon ko tokare ƙasa da hannu. Matsa kunama ɗaya sakan 5 ne. Ƙarfin tunkuɗar wutarsa yana kai bolt 50,000 kafin ta shiga jiki, alhali ta bangon ɗakinku wajen 230 ce, amma abin da ke gudana a cikinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa mafi yawan waɗanda aka harba suna tashi. Ku riƙe kalmar, mafi yawa na ce. A 2017 kamfanin labarai na Reuters ya ƙidaya mutum sama da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun sa musu wannan abu, a cikinsu 153 likitocin da suka duba gawa sun rubuta cewa wutar ce sanadi ko tana cikin sanadi.

A ƙasarmu maganar ta taso da ƙarfi a 2019. A ƙarshen watan Maris na wannan shekara harsashin 'yan sanda ya kashe wani saurayi a Legas, a wurin da ake kallon ƙwallo, mutane suka yi kuka, sai Sufeto Janar na lokacin, Muhammad Adamu, ya ce za a nemo wa 'yan sanda bindigar lantarki domin a rage harbi da harsashi. A cikin shekarar kuma aka sabunta umarnin da ke tsara musu amfani da makami, wanda ake kira Oda ta 237, wadda tsohuwarta ta buɗe ƙofa mai faɗi ga harbin mai gudu.

To, in ka tambaye ni ko ina ƙin wannan makami, sai in ce a'a. Mun ga watan Agusta na 2024 a garin nan, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, Kano na ciki, hukumar 'yan sanda kuwa ta musanta. Ko wace ƙidaya ka ɗauka, wanda harsashi ya shiga ƙirjinsa ba ya tashi bayan sakan biyar. Kuma ɗan sanda ɗanmu ne, a unguwanninmu yake haya. Ba mu manta ran 20 ga Janairu 2012 ba, da aka far wa hedkwatarsu ta nan Bompai da sauran wurare, aka kashe mutane fiye da 150 a yini ɗaya. Mutumin da aka aika ya tari ɗan daba mai riƙe da wuƙa, ba adalci ba ne a ce masa babu kome tsakanin bakinsa da bindigar da ke kafaɗarsa. Inda wannan makami ya hau gurbin harsashi, alheri ne. Tsorona shi ne ya hau gurbin magana, watau a wurin da dā ake cewa "tsaya" sau uku, yanzu a matsa kunama, domin abu ne mai sauƙi, ba ƙarar da za ta tara jama'a, ba jinin da za a nuna wa alƙali.

Wani ɗalibi ya ce mini, "Malam, ai magana ta ƙare, tun da an hana azabtarwa da wuta, wannan kuwa wuta ce." Na ce masa kada ya yi gaggawa. Mu Hausawa ne muka kira lantarki wuta, hukunci kuwa ba ya bin sunan da muka laƙaba wa abu, yana bin abin da abin yake aikatawa da halin wanda aka aikata wa. Sai mu nemi ma'auni a inda malamai suka ajiye shi.

Ma'aunin yana cikin babin tunkuɗe mai kawo farmaki. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, an halatta a tunkuɗe shi, amma bayan an gargaɗe shi in mai fahimta ne. Malamai suka yi sharhi cewa da mafi sauƙi ake farawa. Wanda tsawa ta ishe shi ba a ɗaga masa sanda, wanda sanda ta ishe shi ba a zare masa takobi. Abin da ya halatta ƙarfin shi ne farmakin, in farmakin ya yanke halaccin ya yanke tare da shi. Wanda ya faɗi, ko aka ɗaure, ko ya ɗaga hannu, duk abin da aka ƙara masa ya fita daga babin kariya ya shiga babin horo, horo kuwa na alƙali ne bayan shaida. Daɗa ku dubi yadda aka tsare alƙalin kansa. Dattawan da suka ga bulalar haddi a ƙasar nan sun san akan sa wa mai bulala wani abu a hammata, domin in ya ɗaga hannu fiye da kima abin ya faɗi kowa ya gani. Ba a yi wa mara lafiya sai ya warke, ba a yi wa mai ciki sai ta haihu. Wannan fa ga wanda laifinsa ya tabbata ke nan. Yaya wanda ake tuhuma kurum? Lalle akwai daga malamanmu waɗanda suka yi sauƙi a matsa wa wanda ya shahara da ɓarna, ba zan ɓoye muku ba, amma su ma a hannun mai shari'a suka sa abin, ba su bai wa mai gadin ƙofa ba.

Kada kuma wani ya ce malam ya ga na wasu bai ga nasa ba. Mu masu makarantar allo ma'aunin nan ya hau kanmu. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan ya iyakance wa malami bulala uku a kan karatu, ba ya ƙarawa sai da iznin uba. Mu nawa muka tsaya a uku?

Alƙalan Turawa ma da shari'a ta zo gabansu a nan suka tsaya. A watan Agusta na 2016, a garin Telfod na Ingila, aka kira 'yan sanda saboda wani tsohon ɗan ƙwallon Aston Villa, Daliyan Atkinson, hankalinsa ya gushe yana ta ihu a ƙofar gidan mahaifinsa da dare. Yana da ciwon zuciya da na ƙoda. Ɗan sanda ya harbe shi sau biyu bai kama ba, a na uku ya faɗi, amma ɗan sandan ya danne kunama har sakan 33, sa'an nan ya shure shi a ka aƙalla sau biyu yana kwance. Ya mutu a daren. A 2021 aka kama ɗan sandan da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi shekara 8, kuma ƙarar ta tsayu ne a kan wannan harbi na ƙarshe da shurin. A Ostareliya kuwa, a watan Mayu na 2023, wata tsohuwa mai shekara 95 wadda tsufa ya rikita, tana tafe da ƙarfen dogarawa da wuƙar cin nama a hannu, ɗan sanda ya harbe ta, ta faɗi kanta ya fashe, bayan mako guda ta cika. Shi ma a 2024 aka same shi da laifi. Wuƙa tana hannunta, gaskiya ne, amma mai takawa da ƙarfen dogarawa, ja da baya taki biyu ya isa kariya daga gare ta.

Ku lura da abu guda a shari'ar Ingila. Ta yaya aka san sakan 33 ne? Makamin da kansa yana rubuta lokacin da aka matsa shi da tsawon matsawar, a sauke a karanta. Watau shi ne abin hammatar nan na mai bulala. Tocilar da aka dangwala wa almajirina ba ta rubuta kome, kowa na iya saye ya sa a aljihu, kuma ba ta kayar da mai farmaki daga nesa, sai wanda aka riga aka riƙe take samu. Abin da ba ya aiki sai a jikin wanda aka riƙe, ku gaya mini a wane babi za mu sa shi.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba, sai dai mu ne ba a karanta mana. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ambaci jan wutar lantarki da sunansa a cikin nau'o'in azaba, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta ce umarnin na gaba ba uzuri ba ne, kuma furucin da aka ciro da azaba ba a karɓarsa hujja a kan wanda aka azabtar. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce ko ankwa ba a sa wa wanda aka kama sai ana tsoron zai yi faɗa ko zai tsere, ko domin tsaron lafiyarsa, ko da umarnin kotu. In ankwa tana bukatar dalili, wuta ta fi ta bukata.

Ku kuma ma'aikata kun fi ni sanin inda kuke aiki. Tartsatsin wannan makami yana kunna fetur da sauran ruwa mai kama wuta, kun kuwa san abin da ke jibge a kamfanonin roba da katifa da fenti, da abin da ke jikin rigar mai aikin janareta. Mutumin da namansa ya ƙage ba ya zaɓar inda zai faɗi. In yana bisa tirela yana sauke buhu, ko a bakin ramin jiƙon fata a majemar Challawa, ko kusa da injin da ke juyawa, faɗuwar ce za ta kashe shi, sa'an nan a ce ai makamin ba ya kisa. Ga kuma dattawa masu hawan jini, da mata masu ciki a layin ɗaure kaya. Mai matsa kunama ba ya ganin ciwon da ke cikin ƙirji.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Shugabannin ƙungiyoyinku su tafi wurin masu kamfani su nemi a rubuta cewa mai gadi ba ya riƙe wannan tocila, kuma wanda ake tuhuma da sata a miƙa shi ga hukuma da shaidu biyu daga abokan aikinsa, ba a rufe ƙofa da shi ba. Manyan 'yan sanda kuma, in za su raba wa yaransu bindigar lantarki, su raba mai rubuta aikinta, bayan horo, kowace matsawa a shigar da ita littafi, a kai wanda aka harba likita ya duba shi. Wanda abin ya same shi kuwa, kada ya jira. Ɗigon nan yana ɓacewa cikin 'yan kwanaki, a ɗauki hotonsa a ranar, a je asibiti a karɓi takarda, a kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, tana da ofis a Kano.

Mu mun yi jinkiri. Kafin mahaifin yaron ya yarda a tafi, mako biyu sun wuce, likita ya duba bai ga abin rubutawa ba. Kayan kuwa daga baya aka gane kuskuren ƙidaya ne a sito. Yaron ya koma aikinsa domin yana da mata da ɗa, kowace safiya yana wucewa ta ƙofar nan yana gai da mutanen.

Wanda ke da tambaya ya matso bayan an tashi.