Maldibs, Ƙasar da Wuri ya Fito



Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya ji suna cewa wane ba shi da ko wuri, ko kuwa an sayi doki keso kaza, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya daga ina wannan ɗan farin abu ya fito, har ya zama kuɗin kakanninmu a ƙasar da ba ta da teku. Jawabin wannan tambaya shi ne maudu'inmu na yau, wato jaza'irin Maldibs, waɗanda ke cikin Bahar Hindi, kudu maso yamma da Indiya da Sarandib, wato Sri Lanka.

Tsibirai ne kimanin 1,190, na dutsen murjani, sun jeru zobe-zobe har rukuni 26, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba; kuma saboda tudun ƙasar galibi bai wuce mita ɗaya da rabi a kan teku ba, babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta kwanciya. A cikin ruwan da zobban nan suka kewaye ake kamun wuri a dā: mutane su jefa ganyen kwakwa, wurin ya manne masa, sa'an nan su binne shi a rami har namansa ya ruɓe, ɓawon ya fito fari tas.

Shaihin matafiya Ibnu Batuta, wanda ya sauka can a 1343, a zamanin Sarauniya Khadija, har aka naɗa shi alƙali, ya hakaito cewa ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya. Da Allah ya kai shi Mali da Gao bayan shekara goma, sai ya tarar dinarin nan wuri 1,150 kawai yake saye. Ku dubi irin ribar da nisan tafiya ke haifarwa! Daga baya jiragen Turawa suka riƙa kwasarsa zuwa Turai, su juyo da shi gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi, wanda wannan shi ne baƙin shafin tarihinsa, fatake kuma su haura da shi arewa, har matafiyi Barth ya iske shi ne kuɗin kasuwar Kano a 1851.

Mutanen Maldibs Musulmi ne tun da sarkinsu ya bar addinin Buda a 1153, kuma a yau mabiya mazhabar Shafi'i ne. Harshensu Dibehi, suna rubuta shi daga dama zuwa hagu da baƙaƙen da ake kira Tana, waɗanda tara na farkonsu daga alƙaluman lissafi na Larabci aka ciro su. A Male, babban birninsu, akwai masallacin Juma'a da aka gina da sassaƙaƙƙen murjani a 1658. Sun karɓi mulkin kai daga Ingila a 1965, suka sauke sarauta a 1968.

Wanda ya yi niyyar ziyara zai sauka a filin jirgin Belana, ya ƙetara gada zuwa Male, daga nan kuwa sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan teku. Raninsu daga Disamba zuwa Afrilu ne, damina daga Mayu zuwa Nuwamba. Kuɗinsu rufiya, cimarsu kifin tuna da kwakwa da shinkafa, kuma haramun ne baƙo ya shigo da giya ko naman alade.

Tun 1972 baƙi masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, har suka zama babban arzikinsu, amma tekun da ya ciyar da su shi ne yau abin fargabarsu, domin yana ƙaruwa. Har a 2009 Shugaba Muhammad Nashid ya zauna da ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don duniya ta farga. Saboda haka idan kun ga wuri a jikin ƙwarya ko a wuyan yaro, ku tuna da mutanen da suka tsamo shi, ku roƙa musu Allah ya tsare musu ƙasarsu.