Wa Ke Ɗaukar Wayar? Na'urorin Zamani da Masu Ciwon Zuciya



Ba zan ɓata muku lokaci kan yawan masu ciwon zuciya ba, duk mai zagayen ɗakin majinyata ya sani. Damuwata wani yayi ne da ya shigo mana. Kowane taro sai an ɗaga mana manhaja ko agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, a ce waraka ta zo. Ni ban yarda ba, ga kuma hujjata.

A 2010 aka fitar da sakamakon binciken Tele-HF a Amurka. Masu gazawar zuciya 1,653 aka raba gida biyu, rabi suna buga waya kullum, na'ura tana yi musu tambayoyi. Mutuwa ba ta ragu ba, komawa gadon asibiti bai ragu ba. Wasu ko sau ɗaya ba su kira ba.

To ku dubi TIM-HF2 na Jamus, wanda aka buga a 2018, kan majinyata sama da 1,500, su ma aka raba su gida biyu. A rukuni ɗaya, kowace rana majinyaci zai hau sikeli, ya auna jininsa da iskar da ke cikinsa, ya ɗauki zanen bugun zuciyarsa, duk su tafi wata cibiya a Balin. A cibiyar nan akwai likitoci da ma'aikatan jinya dare da rana, babu Asabar babu Lahadi. In nauyin mutum ya yi tsalle cikin kwana biyu, sun san ruwa ne ke taruwa, sai su kira shi a gyara maganin fitsari tun numfashi bai sarƙe ba. Mutuwa a wannan rukuni kusan 8 ce cikin 100 a shekara, a ɗaya rukunin kuwa kusan 11. Sikeli dai sikeli ne. Bambancin shi ne a Jamus mai karɓar saƙon yana da ikon canza magani nan take.

Masu cewa agogo yana gano rikicewar bugun zuciya, na ji. Ku faɗa min nawa yake, kuma wa zai duba mai shi idan ya yi ƙara.

Mu a nan, mai jegon da zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa, cutar da likitocin Zariya da Kano suka daɗe suna rubutu a kanta, ita ce ma'aunina. Mun sallame ta ta koma ƙauye, ba za mu sake ganin ta ba sai ƙafafu sun cika. Abin da take buƙata sikeli ne, da na'urar awon jini a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, da ƙaramar waya, da nas mai jin Hausa wadda aka ba izinin gyara magani bisa rubutacciyar ƙa'ida.

Saboda haka ina roƙon masu riƙe da kasafin lafiya: kafin ku sa hannu a kwangilar manhaja, ku fara ware albashin wadda za ta ɗauki wayar.