Giram 60 Na Dalma: Yadda Na Fasa Jirgin Da Na Yi Wata Bakwai Ina Haɗawa

 Yau labarin asara na kawo muku, asarar da na jawo wa kaina da hannuna. Duk wanda yake shirin haɗa ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot, don Allah ya saurara har ƙarshe kafin ya taɓa gam.

Jirgin da na kwaikwaya shi ne Hawker Hurricane, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu. Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935, kuma an ƙera sama da 14,000. Mutane sun fi sanin Spitfire, amma a gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Birtaniya a 1940, Hurricane ya fi shi yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus.

To me ya haɗa ni da shi? Daga watan Satumba na 1940, Turawan Ingila sun riƙa kawo waɗannan jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau. A can ake haɗa su, sai su taso ta Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su bi ta Sudan har Alƙahira. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin ƙarar jiragen da suke ji suna yara a Kano. Da na gano Hurricane na cikinsu, sai na ce shi zan yi, har da fentinsa na hamada: ruwan ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗi a ciki.

Na zaɓi ma'aunin 1 bisa 10. Fukafukan na gaske daga wannan baki zuwa wancan mita 12.19 ne, nawa ya zama santimita 122. Na yi amfani da katakon balsa, wani katako mara nauyi da aka fi samu daga Ikwado, da reza ake yanka shi. Sai da na yi odarsa na jira makonni. Bayan jirgin na gaske ƙarafa ne da siraran katako aka lulluɓe da yadi, shi ya sa ake ganin layi-layi a jikinsa. Ni ma haka na bi, ina manna siraran katako ɗaya bayan ɗaya da dare bayan na dawo daga aiki. Sai injin lantarki, batir, rimot, da ƙananan injinan da ake kira servo, masu motsa jela da gefen fukafukai.

Ga abin da ya kamata in fahimta tun farko. In ka rage jirgi sau 10, faɗin fiffikensa ya ragu sau 100, girman jikinsa kuma sau 1,000. Hurricane da kayansa kusan tan 3 ne, a lissafi nawa sai ya zama kilo 3. Amma fa iska ba ta raguwa da kai. Ƙaramin fiffike a ƙaramin gudu ba ya ɗaukar kaya kamar babba, dole ka yi ƙasa da haka sosai. Wannan na gane shi, har ya zame mini abin alfahari. Na ɗora jirgina a sikeli, kilo 1.6. Kowa ya zo sai na faɗa masa.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne inda nauyin yake zaune. Hurricane gajeren hanci gare shi, saboda a cikin hancin nan akwai injin Rolls-Royce Merlin mai nauyin kusan kilo 600. Shi ke riƙe gaba. Ni kuwa injina bai kai tafin hannu ba. Sannan na bi jela na cika ta da ado: na shafe ramuka, na goge da samfefa, na yi fenti har shafi uku don ta yi sheƙi a hoto.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da ya daɗe a wannan harka, shi ke duba mini aiki. Ya sa yatsunsa biyu a ƙarƙashin fukafukai, daidai inda zane ya nuna, wato tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike daga bakin gaba. Jela ta yi ƙasa. Sai da ya matsar da yatsun baya da kusan santimita 2 kafin jirgin ya tsaya daidai. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan bai shirya ba. Sa masa dalma a hanci."

Na ce, "Baba, ai santimita 2 ne kawai. In na ƙara dalma zai yi nauyi."

Ya ce, "To, jirginka ne."

Wallahi na ji maganar, amma na riga na gayyaci mutane ranar Asabar, har da ɗan ƙanwata da ya yi wata bakwai yana miƙo mini gam. Kunyar ɗage rana ta hana ni.

Ranar muka fita wani fili nesa da gidaje, da sassafe kafin iska ta taso. Na ba shi wuta. Ya ɗan karkata hagu, wanda dama haka irin waɗannan jirage suke yi saboda juyin farfela, na gyara da jela. Bai yi nisa ba ya bar ƙasa, tun kafin in ce ya tashi. Hanci ya ɗaga sama. Na danna shi ƙasa, ya sunkuyo da ƙarfi fiye da yadda na nema. Na ja kaɗan, ya sake miƙewa tsaye. Haka jirgi mai nauyin baya yake: duk ɗan abin da ka taɓa sai ya wuce gona da iri, kuma ba ya komawa daidai da kansa. A karo na uku gudunsa ya mutu, fiffiken hagu ya faɗi, ya juya ya daki ƙasa da hanci. Duka-duka bai kai daƙiƙa 15 ba.

Ɗan ƙanwata ne ya fara isa wurin. Ya ɗago da rabin fiffike a hannunsa ya ce, "Kawu, za a iya manna shi?" Na kasa ba shi amsa. Dattijon nan bai ce mini uffan ba, sai ya cire batir ya ajiye shi can gefe a kan yashi, don irin wannan batir in ya bugu yana iya kamawa da wuta. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Na yi wata biyu ban buɗe kwalin ba. Da na dawo kansa, daga jela na fara. Na kankare fentin, na sake ta da katako mafi sauƙi, shafi ɗaya kawai na yi mata. Da na auna, daga wurin daidaito zuwa jela ya ninka nisan hanci kusan sau uku. Kun ga ke nan duk giram 10 da na rage a baya ya raba ni da giram 30 na dalma a gaba. Na tura batir har ƙarshen hanci. Duk da haka sai da na manna dalma giram 60. Jirgin ya koma kilo 1.7, kuma da aka ɗora shi a yatsu hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, yadda ake so.

A karo na biyu ban gayyaci kowa ba, kuma dattijon na miƙa wa rimot. Jirgin ya yi gudu a ƙasa, jela ta ɗaga, ya tashi a hankali. Ya zaga sau biyu sannan ya ce, "Karɓi, ɗana." Hannuna na rawa na karɓa. Minti huɗu muka yi, shi ya sauke shi lafiya.

Saboda haka ga shawarata. In wannan ne jirginka na farko, kar ka fara da jirgin yaƙi, fara da mai fiffike a sama, mai tafiya a hankali. Ka auna daidaito da batir a ciki, kamar yadda zai tashi. In hanci ya ɗan fi nauyi, jirgin zai gajiyar da kai wajen sauka, amma za ka koma gida da abinka. In baya ne, kar ka tashi. Sannan ka nemi izini: a Najeriya hukumar NCAA tana da ƙa'idoji kan jirage marasa matuƙi, kuma a halin da ake ciki abu mai kamar jirgin yaƙi yana iya tsorata mutane. Ka sanar da masu wurin, ka yi nesa da filin jirgi da taron jama'a.

A shiri na gaba zan yi bayanin yadda na haɗa tayoyin da ke naɗewa cikin fiffike. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, in sha Allahu zan amsa.